Likitan Kujeru

A yi wa Allah a faɗi gaskiya: tun da aka fara ɗinka kwat a duniya, ba a taɓa rataya ta a kafaɗar da ta cancanta kamar ta Manajan kamfanin famfo ba. Mutum ne da ko tari zai yi sai ya gyara tsayuwa, ya duba ko akwai mai sauraro. In ya shigo ofis da safe, ƙarar takalminsa ce ke riga shi sallama, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙamshin turarensa kuma ya tsaya a baranda yana gaisawa da jama'a har bayan ya wuce. Shi kamfanin, tankunan ruwa yake sayarwa, da famfuna, da hitar wanka, a kai maka har gida a girka maka. Manaja bai taɓa riƙe sifana ba, kuma wannan ba gazawa ba ce, ka ji, tsarin shugabanci ne. Shi da bakinsa ya ce hannun shugaba ba na ɗaukar ƙarfe ba ne, na nuni ne.

Mahassada suna cewa wai don mai kamfanin gwaggonsa ce shi ya sa ya hau. Ƙarya suke yi. Gaskiya ne Gwaggo ce ta kafa kamfanin ita da marigayi mijinta tun yana 'yar rumfa a bakin titi. Gaskiya ne ita ta goya Manaja a bayanta. Gaskiya ne kuma ranar da za a ɗauki manaja shi kaɗai aka gaya wa. Amma duk wannan dacewa ce kawai. Cancanta ce ta kawo shi, ta dai biyo ta gidan Gwaggo ne don hanyar ta fi kusa.

Sai kujerarsa. Kai, kujera! Baƙar fata ce, mai taya, mai juyi, bayanta ya fi mai ita tsawo. Ranar da aka sayo ta sai da aka cire ƙyauren ofis kafin ta yarda ta shiga. Manaja ya hana a ɓare ledar da ke hannuwanta, ya ce daraja a cikin leda take daɗewa.

Ana nan ana nan, wata damina iska ta zo da fushinta, ta yaye rufin ofis ta kai wa maƙwabta. Ruwa ya jiƙa fayil-fayil, silin ya sauko ya kwanta a kan tebura. Gwaggo ta ce kowa ya koma gida ya yi aiki daga can har a gyara. Mai Amsa Waya ta riƙa sauraron kwastomomi daga tsakar gidanta tana shanya. Akawu ya baje aikinsa a teburin cin abinci. Kawu Sifana, babban mai girka famfo, shi da mutanensa daga gida sai gidan kwastoma, ba sai sun biyo ofis sun jira Manaja ya ƙare jawabin safe ba. Abin haushi, abin takaici, ciniki ya buɗe. Kamfani ya yi ta tafiya sumul kamar ba a rasa kowa ba, kuma wannan cin mutuncin ne Manaja bai taɓa yafewa ba.

A gida kuwa, Allah sarki bawan Allah! Ya sa kwat ya ɗaura lakataye ya zauna a falo, babu mai miƙewa in ya shigo. Ya yi gyaran murya, Uwargida ta miƙo masa jariri. Ya fara yi mata bayani kan hangen nesa, ta ce madalla, tun da yana da shi, ya hango mata ko mai kwashe shara ya shigo layi. Ya kira taron ma'aikata ta bidiyo, yana tsakiyar maganar martabar kamfani sai ƙaramin ɗansa ya ratso ta bayansa ba wando yana neman a wanke masa. Ranar Manaja ya gane cewa aiki daga gida babbar masifa ce da ta tunkaro tattalin arzikin duniya.

Da aka gama rufi, Gwaggo ta kira shi gidanta.

"Auta," in ji ta, don haka take kiransa ko a gaban wa, "na ga aikin nan yana tafiya ba ofis. Wa'adin hayar ginin ya kusa cika. Zan leƙo in gani da idona. In ofishin yana da amfani, mu ci gaba da shi. In babu, mu koma sito, kowa ya yi aiki daga inda yake."

Manaja ya gane nan take. Bai buƙaci a yi masa fassara ba. In babu ofis babu kujera, in babu kujera babu Manaja, sai Auta da falo da jariri. Kafin ya isa mota ya aika wa kowa umarni: gobe da safe a dawo ofis, ba uzuri, ba ciwon kai, ba rasuwar kakar maƙwabci.

Aka dawo. Sai dai matsala ɗaya ta tsaya masa a wuya: ta yaya zai nuna wa Gwaggo amfanin ofis a ido? Tanki ana ganinsa. Famfo ana murɗa shi ruwa ya zo. Amfanin ofis fa, a ina ake murɗa shi? Ya yi tunani har ya rame a wuya, lakataye ya fara yi masa yawa.

Basira kuwa ba ta sallama in za ta sauko wa manyan mutane. Wata safiya ya je teburin Akawu neman biro, Akawu ya tashi kenan zuwa banɗaki, Manaja ya dafa kujerarsa ya ji ta da ɗumi. Ya dafa ta kusa da ita, ta wani ɗan talla da ya fita tun safe neman kwastoma, ya ji ta sanyi ƙalau. Ya tsaya cak. Ya sake dafa wannan, ya sake dafa waccan. Ikon Allah! Masana sun ƙare rayuwarsu suna neman ma'aunin ƙwazon ma'aikaci, ashe yana nan a hannun Auta yana jiran ranarsa. Nan take ya sa aka tara kowa.

"Ma'aikata!" in ji shi, ya ɗaga yatsa sama. "Ku buɗe kunnuwanku, yau zan ba ku a kyauta ilimin da ake hawa jirgi a je a nemo. Kamfani ƙwai ne. Ma'aikaci kaza ce. Wa a cikinku ya taɓa ganin kazar da ta ƙyanƙyashe ƙwai ta waya? Wa ya taɓa jin kaza ta ce ita daga gida za ta yi kwanci?"

Akawu ya buɗe baki zai ce ai kaza dama a gida take kwanci, Kawu Sifana ya taka masa ƙafa.

"Daga yau," Manaja ya ci gaba, "ba ruwana da surutun an sayar, an kai, an girka. Wannan duk ji ne. Gani ya kori ji, ni kuma na gano cewa taɓawa ta kori gani. Zan riƙa zagayawa da hannuna. Kujerar da na tarar da ɗumi, mai ita ɗan kamfani ne na halak. Wadda na tarar da sanyi, mai ita ya fara neman wani akurkin. Na gama. A tafa."

Aka tafa, har da Akawu yana ɗingishi.

Daga ranar Manaja bai sake zama ba. Tun safe har tashi yana kan ƙafa, daga sashen talla zuwa sashen girki, daga can ya dawo ya sake. In ya iso wurinka sai ka miƙe ka matsa gefe, ya sunkuya, ya ɗora bayan hannu a kan soson kujera kamar uwa tana duba zazzaɓin ɗanta, ya lumshe ido, ya ɗan karkata kai. Sannan ya yanke hukunci. Akwai ɗumin gaskiya, akwai ɗumin ganin ido, akwai wanda ya kira ɗumin jiya, wannan kuwa gargaɗi ne na ƙarshe. Ma'aikata suka raɗa masa suna Likitan Kujeru. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ji daɗi, ya ce dama ya san wata rana za a kira shi likita.

Hannun dama kuwa ya zama kadarar kamfani. Ya daina ɗaukar kofin shayi da shi don kada zafi ya ɓata ma'auni. Ya daina musabaha, sai dai ya miƙa maka gwiwar hannu. Ana shafa masa mai safe da yamma, in zai fita rana ya sa masa safa.

Tsarin ya yi aiki, wallahi ya yi, don kowa ya zauna daram. Kawu Sifana da mutanensa suka jeru a kan kujeru, jakunkunan kayan aiki a cinya, suna kallon bango. 'Yan talla suka zauna suna tallata wa juna tanki. Waya ta yi ta ƙara: wannan tankinsa na yoyo, wancan hitarsa ta mutu, wata ta ce ruwa ya cika mata ɗaki har takalma suna iyo. Mai Amsa Waya ta riƙa ba su haƙuri tana cewa masu gyaran suna kan kwanci. Da haƙuri ya ƙare, kwastomomi suka fara zuwa da ƙafarsu, suka cika baranda suna zage-zage, wata har da bokitin da take taran yoyo da shi. Manaja ya leƙo ya gan su, fuskarsa ta washe. "Kun gani?" in ji shi. "Da kuna gida, yaushe kamfani zai ga jama'a haka?" Famfon banɗakin ofis ma ya fara ɗiga, a gini mai cike da masu gyaran famfo, amma babu wanda zai bar kujerarsa ta huce don ya ɗaure shi.

To, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ma'aikata suka ga in aka ci gaba a haka kamfani zai mutu da ɗuminsa, su kuma su rasa abinci. 'Yan talla suka fara tura kujerunsu bakin taga rana ta gasa musu, su kuma su sulale. Akawu ya zo da dutsen guga a cikin jaka. Ranar farko ya zarce wurin goge kujerarsa, Manaja ya ɗora hannu ya yi tsalle ya yi ƙara, ya yi ta yarfa yatsu, da ya dawo hayyacinsa ya ce tun da yake bai taɓa ganin ƙwazo irin wannan ba, a yi wa Akawu tafi. Wasu suka haɗa baki da mai gadi, wani ƙaton mutum da Allah ya yi wa faɗin mazaunai, yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya yana ɗan zama yana tashi. Akwai lokacin da shi kaɗai ya riƙe sashen talla gaba ɗaya, har aka yaba wa sashen.

Amma rana takan shiga gajimare, wuta takan ɗauke, mai gadi kuma ya fara kukan ciwon baya. Nan ne Kawu Sifana ya tara mutanensa a bayan sito ya ce, "Wai mu masu famfo ne ko ba mu ba ne?"

Ranar hutun mako suka shigo da kayan aiki. Suka kafa hita a ɗakin shayi a bayan firji. Suka ja siririn tiyo ta ƙarƙashin kafet, ya hau ƙafar kowace kujera, ya naɗe a ƙarƙashin soso, ya sauko ya wuce ta gaba, har ya zagayo ya koma hita. Suka shafe shi da baƙin fenti. Da yake tiyo ba ya son a ja shi, suka ɗaure ƙafafun kujerun a ƙasa da ƙusoshi. Da Manaja ya tambaya, suka ce sun kafe su ne don kada shaiɗan ya raya wa wani ya matsa daga wurin aikinsa. Idon Manaja ya ciko da ƙwalla. Ya ce a duk rayuwar shugaba babu ranar da ta kai wadda mabiyansa suka fara fahimtarsa.

Shi kenan, da safe kowa ya zo ya gaida Manaja, a kunna hita, a watse. Masu girki su tafi gidajen mutane, 'yan talla su shiga gari, Akawu ya koma teburin cin abincinsa inda ya fi samun natsuwa. Mai Amsa Waya kaɗai ke zama, ita ke kula da makunni, ita ke ba da amsa. Manaja zai fito ya ga zaure wayam, ba kowa sai fanka. Da wani ƙaramin shugaba ne, da sai ya tsargu. Shi kuwa sai ya sunkuya ya taɓa, ya ji ɗumi, ya tambaya ina mai ita.

"Yanzu ya tashi, ranka ya daɗe."

"Na sani," in ji shi. "Ido na ƙarya, hannu ba ya yi."

Yoyo ya tsaya a gidajen mutane, zagi ya ragu, ciniki ya dawo. Manaja ya buga wa Gwaggo waya ya sanar da ita cewa tsarin kwanci ya fara ƙyanƙyasa, kuma yana tunanin rubuta littafi a kai don amfanin na baya.

Sai dai duk cikin kujerun akwai wadda ta sace zuciyar Likita. Tana can ƙurya, bayan kabad, kusa da wata taga mai fasasshen gilashi. Ta mai zanen hanyar bututu ce, wani salihin mutum da ake kira Shiru-shiru. Shiru-shiru ya bar aiki tun lokacin gyaran rufi, ya samu wani wuri. Ya je har gaban Manaja ya gaya masa, amma Manaja ba ya jin magana in yana magana, kuma kullum yana magana. Tsohuwar rigar sanyinsa tana nan rataye a bayan kujerar. Masu famfo ba su ja mata tiyo ba, don ba wanda za a rufa wa asiri. Wata farar kyanwa ce daga sito ta gano wurin, ta mai da shi ɗakin barcinta. In ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ta miƙe ta yi miƙa ta fice ta taga. Likita ya iso, ya ɗora hannu, ya lumshe ido, ya yi ajiyar zuciya.

"Ku zo ku ga mutum!" in ji shi wata safiya, kafin a watse. "Naku ɗumin, ban ce babu ba, amma yana da wani ƙarfe-ƙarfe. Na Shiru-shiru ɗumi ne mai rai. Bawan Allahn nan bai taɓa neman hutu ba. Bai taɓa neman ƙarin albashi ba. Bai taɓa mayar mini da magana ba." Ya tsinto wani farin gashi daga kan soso ya ɗaga shi a haske. "Ku duba! Furfura! Tunanin kamfani ya tsufar da shi, har gashin kansa na zuba." Ya leƙa ƙarƙashin tebur ya hango ƙayar kifi. "Ko abinci a nan yake ci. Ku kuwa sai kun fita kun bar ƙwai yana shan iska."

Ma'aikata suka sunkuyar da kai. Manaja ya ɗauka kunya ce, bai ga yadda kafaɗunsu ke rawa ba.

A 'yan kwanakin nan kuma ya lura faɗin ɗumin yana ƙaruwa, soso yana ƙara lotsawa. Ya ce albarkar aiki ce, mutumin kirki ya fara ƙiba. Ya sa aka sayo wani kofi mai ruwan zinare, aka zana masa Gwarzon Kwanci a jiki, ya ajiye shi a kan kabad. Ya ƙudura a ransa a gaban Gwaggo zai miƙa shi, ta ga irin mutanen da ofis ke haifarwa, ta sabunta haya da hannunta.

Gwaggo kuwa ba ta faɗi ranar zuwanta ba. Wata rana da tsakar rana sai ga ta a bakin ƙofa, da silifas da sandar dogarawa. Ta tarar da zaure fayau, Mai Amsa Waya a gefe guda, ɗan ɗan'uwanta kuma a sunkuye a kan wata kujera, ido a lumshe, kamar mai sauraron sirri.

"Auta, ina mutanen?"

Manaja ya miƙe ya gyara kwat. "Suna nan, Gwaggo. Wato a ilimin shugabanci na zamani, ba a neman ma'aikaci da ido. Kawo hannunki. A'a, bayan hannu. Yauwa. Me kika ji?"

"Na ji zafi."

"Wannan shi ne aiki! Taɓa waccan. Taɓa ta gaba. Duk gidan nan babu kujerar da ke hutawa."

Gwaggo ta taɓa, ta taɓa. Tana kan ta Akawu sai kujerar ta yi wani ƙugi, ƙululu, ƙululu, don iska ta shiga tiyo. Gwaggo ta dube shi. Manaja ya yi murmushin masana ya ce ai kamfani mai rai dole a ji motsin cikinsa.

Matar da ta yi ƙuruciyarta tana sayar da bututu ba a gaya mata kukan iska a cikin tiyo. Ta sa bakin sanda ta ɗaga soson kujera. Ga tiyo nan a naɗe tsaf kamar gammo. Ta bi shi da sanda, ya sauka ƙafar kujera, ya shige kafet, ta bi shi har ɗakin shayi, har bayan firji, inda hita ke ta aikinta ba ta neman yabo. Gwaggo ta tsaya ta duba haɗin, ta shafa shi da yatsa, ko ɗigo babu. Sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu, har ta nemi wurin zama, ta zauna a kujerar wani ɗan talla, zafi ya tashe ta, ta sake fashewa da wata.

Ana cikin haka Kawu Sifana da mutanensa suka dawo ɗaukar kaya, suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa. Manaja ya dube su. Amma babban mutum ba ya faɗuwa sau ɗaya, sai ya tashi ya nemi rami mafi zurfi.

"Munafukai!" in ji shi. "Dama na faɗa! Na sha faɗa ɗuminsu na ƙarfe ne, hannuna bai taɓa yaudarata ba. Amma Gwaggo, mutum ɗaya na gari ya isa hujja. Zo ki ga wanda ba ya buƙatar tiyo. Zo ki ga dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ofis."

Ya sauko da kofin zinare, ya rungume shi, ya nufi ƙurya, ƙwas, ƙwas, ƙwas, Gwaggo na biye, ma'aikata na biye da ita. Sai dai yau ba abin da ya fice ta taga. Manaja ya kama bayan kujerar ya jawo ta daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe baki zai fara jawabi.

Farar kyanwa na kwance a kan soso, ta jawo rigar Shiru-shiru ta yi shimfiɗa da ita. A jikinta ga 'ya'ya nan jajaye-jajaye, ko ido ba su buɗe ba, suna ta turereniyar nono. Ta ɗago kai ta dubi Manaja, ta dubi kofin, ta yi masa huci.

Can gefe tiyo ya sake yin ƙugi, ƙululu.

"Barka da arziki," in ji Gwaggo. "Ka yi gaskiya, Auta. Wannan kam ya ƙyanƙyashe." Ta juya wurin Mai Amsa Waya. "Ina shi mai kujerar?"

"Ai tun lokacin rufi ya bar aiki, Mama."

Manaja ya tsaya da kofi a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba. Ya so ya ce wani abu kan yadda ko dabba ta gane darajar ofis, amma Gwaggo ta riga ta juya.

"Saura ɗaya," in ji ta. "Mu je in ga taka."

Aka buɗe ofishin Manaja. Ga kujera nan, baƙar fata, mai taya, mai juyi, tana tsaye da ledarta kamar amaryar da ango ya manta. Tun ranar da basira ta sauko, mai ita bai sake ɗora mata jiki ba, yana can yana duba na mutane. Gwaggo ta matsa, ta ɗora bayan hannu yadda aka koya mata, ta lumshe ido, har da ɗan karkata kai. Ta ɗago hannun, ga ƙura a jiki.

"Sanyi ƙalau," in ji ta. "Ko ɗumin jiya babu. Tuna mini, Auta, wanda aka tarar da tasa da sanyi, me ka ce ya fara nema?"

Kowa dai ya haddace jawabin: wani akurkin. Kaza mai yawan tone-tone dai ita ke tono wuƙar yanka ta.

Ba a sabunta haya ba. Aka koma sito, kowa ya ci gaba da aiki daga inda dama yake yin sa. Gwaggo ta ce a kwance tiyon a hankali a adana, akwai tsofaffi masu ciwon baya da za su sayi irin kujerun nan, kuma ita ce ta farko. Auta kuwa ba ta kore shi ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce tun da Allah ya ba shi baiwar jin ɗumi, haramun ne a bar ta ta lalace. Yanzu shi ke bin Kawu Sifana gida-gida. In an gama girka hita, a murɗa famfo, ya naɗe hannun riga, ya tara bayan hannu, ya lumshe ido, ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Ya buga wa kansa kati mai suna Babban Daraktan Tabbatar da Ɗumi, yana raba wa masu gida tun kafin su tambaya, kuma yana gaya musu Gwaggo ce ta roƙe shi ya sauko fili don a nan aka fi buƙatar ƙwararru.

Babbar kujera ba ta shiga motar kowa ba, aka kai ta sito aka jingine a bayan tankuna. Ba a kwana ba kyanwa ta kwaso iyalinta ta tare a kai. Kofin zinare ma yana nan a ƙasa, a ciki ake zuba mata ruwa.

Wata safiya Auta ya shigo sito da takalmin roba, mara ƙara, don ɗaukar safar hannunsa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, bai ga kowa ba. Hali zanen dutse. Ya lallaɓa ya sunkuya, ya zura bayan hannu a gefen soso, kusa da wutsiyar kyanwa. Ɗumi ne na gaskiya, mai rai, irin wanda kujerar ba ta taɓa samu ba a zamaninsa.

Daga bayan tanki Kawu Sifana ya leƙo, sifana a kafaɗa, ya sa yatsa a baki.

"Yallaɓai, a hankali," in ji shi. "Manaja na aiki."